Kawu da Mutanen Ɗaya ga Janairu

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya riga mu tafiya da hantsin wata Talata a gidansa na unguwar Abena a Injamena, yana zaune a kan tabarma, ƙafarsa ɗaya a cikin takalmi. Bai yi jinya ba. Ya ce wa Inna, matarsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, ta shiga ɗebo masa ruwa, kafin ta fito rai ya yi halinsa.

Kafin azahar dangi sun cika gida. Mu jikokin mahajjatan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogin Shari, zangon ya zama gida. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, masu atamfa da goro da kayan babur. Maza suka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kowa ya ce marigayi mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya cin naman mutane. Daga nan magana ta ƙare, domin babu wanda zai iya faɗin aikin da ya yi a duniya. Yayansa, babban kawunmu, shi ya yi ta maza ya ce: "Shekara da shekaru yana danna akwatin nan, ni dai ban taɓa ganin abin da ya fito daga ciki ba. Allah ya sa akwai lada a ciki."

A rana ta biyu sai ga baƙi. Mata ne galibi, wasu daga unguwar Tukra da taɓo a ƙafafunsu, wasu daga Guji, akwai Musulmi akwai Kirista. Suna shigowa su durƙusa gaban Inna su ce "Albaraka fikum" da Larabcin gari, su koma gefe su zauna. Na lura da yawansu suna riƙe da karne, ɗan littafin nan na asibiti da majinyaci ke yawo da shi. Wata ta dube ni ta ce: "Nan ne gidan shayibin nan, tsoho mai babur mobilet, mai tambayar allura?"

Na ce nan ne.

Inna ta jawo ni kusa ta raɗa mini: "Ɗiyata, su wane ne waɗannan? Ni ban san kawunki yana da jama'a haka ba."

Na ce mata masu zuwa asibitinmu ne. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Na san kowace daga cikinsu da suna, kuma duk wadda ta shigo sai gabana ya faɗi, domin ni ce sanadin da ya sa Kawu ya taka ƙofar gidanta. Shekaru na yi ina ɓoye wannan magana. Ba zan iya yabonsa ba tare da na tona kaina ba, don haka ga ta nan.

Kawu asalinsa mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati. A farkon shekarun casa'in aka ba wani ƙaramin asibiti na ƙungiyar unguwa kyautar kwamfuta, ordinatar kamar yadda muke cewa a nan, tare da wani ƙaton littafi na Faransanci. Babu wanda ya yarda ya taɓa ta. Kawu ya ɗauki littafin ya tafi gida, ya karance shi sau biyu, sannan ya dawo ya kunna na'urar. Da hannunsa ya rubuta furogiram ɗin da ke riƙe da kundin majinyata. Kowane mutum yana da layinsa a ciki: sunansa, sunan ubansa, ranar haihuwa, unguwa, da kuma maganin da jikinsa ba ya karɓa. Wannan na ƙarshe shi Kawu ya fi ji da shi, domin akwai mutanen da allura guda ta penisilin za ta iya kai su kabari.

Ni na zo masa a ƙarshen shekarun casa'in, da aurena da 'ya'yana biyu da takardar shaidar karatun kwamfuta da girman kai mai yawa. Na ɗauka zan koya masa zamani. Ranar farko ya miƙo mini biro da takarda ya ce kada in taɓa na'ura sai na rubuta abin da nake so ta yi, da Hausa, yadda Inna za ta gane. Na ce a makaranta ba haka muke yi ba. Ya ce: "To a makaranta akwai wuta kullum. Nan gurup ne, injin wuta, ke ba mu, kuma man da ke cikinsa ba na tunani ba ne. Yi tunaninki a takarda."

Yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango inda yake tara 'yan guntayen furogiram da dabarun aiki. Duk abin da ya taɓa cizonsa sai ya rubuta, ya sa bayani a gefe. Shafin da na fi tunawa shi ne na zagayen da ke bin kundi layi bayan layi:

DO WHILE .NOT. EOF()
   SKIP
ENDDO

SKIP ɗin nan shi ne ke cewa a matsa zuwa layi na gaba. In ka manta shi, na'ura za ta tsaya a kan mutum ɗaya ta yi ta juyi har wuta ta ɗauke. A gefen shafin Kawu ya rubuta: "Kakanmu ya manta SKIP a Injamena, ga mu nan har yau." In ya faɗi wannan sai ya yi dariya shi kaɗai, ya kurɓi shayinsa da ya huce.

Sauran dabarunsa ba su da ban dariya. In na rubuta abu ya yi aiki, sai ya ce ban gwada ba tukuna, in gwada da suna mafi tsawo a kundin, da wanda ba shi da uba a rubuce, da wanda aka bar wurin unguwarsa fayau. Ba ya yarda a sa wa abu sunan harafi ɗaya, ya ce wanda zai karanta bayanka ba boka ba ne. In gurup ya yi tari sau ɗaya, hannunsa ya riga ya kai wurin ajiye aiki. Disket uku yake juyawa, na Litinin da na Laraba da na Juma'a, kowanne ɗauke da kwafin kundin, ga na huɗu da yake sabuntawa wata-wata ya ajiye a gida cikin gwangwanin madara a ɗakin Inna. Kuma duk abin da furogiram zai share, dole injin bugawa ya fitar da shi a takarda tukuna. Na sha ce masa ɓarnar takarda ce.

Akwai kalmomi uku da ya zaunar da ni musamman a kansu. DELETE yana sa wa layi alama ne kawai, layin na nan. RECALL yana cire alamar, layin ya dawo. PACK kuwa yana kwashe duk mai alama ya zubar, babu dawowa. Kawu ya ce: "DELETE saki ɗaya ne, RECALL kome ne. PACK saki uku ne, ɗiyata. Kada ki buga shi da rana ɗaya da DELETE, kada ki buga shi kina fushi, kada ki buga shi kina jin kin iya."

Rigimarmu ta farko a kan masu suna iri ɗaya ce. Kundin ya yi nauyi, in an nemi mutum sai a jira har a gaji, kuma majo, shugaban ma'aikatan jinya, kullum cikin mita yake. Na duba na ga Mahamat Abakar ya fi a ƙirga, Fatime Mahamat ma haka, kuma da yawansu ranar haihuwarsu ɗaya. Na ce wa Kawu maimaici ne, mutum ya zo sau biyu an buɗe masa layi biyu. Na nuna masa abin da na tsara: in suna ɗaya ne, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a bar layin farko a share sauran.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wace rana aka haifi uwarki?"

"Ɗaya ga Janairu."

"Ni fa?"

Shi ma haka takardarsa ta ce.

"Rabin garin nan ɗaya ga Janairu aka haife su," in ji shi. "Takardarsu cewa ta yi an haife shi wajen shekara kaza. Ordinatar ba ta san wajen ba, rana take so, sai magatakarda ya ba ta ɗaya ga Janairu ya huta. Sannan ki zo ki ce sunanki Fatsuma 'yar Mamman, ya rubuta Fatime Mahamat. Muhammadu ma Mahamat, Hamma ma Mahamat. Waɗannan da kike gani ba maimaici ba ne, mutane ne."

Na ce wasu dai ai maimaici ne. Ya ce ƙwarai, amma gara mutum ɗaya ya samu layi biyu da mutum biyu su haɗu a layi ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce masa tsoro ne ya yi masa yawa, shi ya sa asibitin ke tafiya kamar jakin da ya gaji.  Ya ninke takardata ya miƙo mini, ya ce in je in taya masu rajista aiki, kuma kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Shekara uku ko huɗu bayan dubu biyu Allah ya kira shi Makka. Murna a danginmu ba a magana, wai ga wanda zai ƙarasa tafiyar kaka. Ya bar mini makullin ɗakin kwamfuta da baƙin littafinsa. A ƙofar gida, ana ta addu'a, ya juyo ya ce mini: "Ki riƙe kawai, kada ki gyara."

Mako ɗaya na riƙe. A na biyu majo ya shigo ya ce mutane na jira a rana saboda na'ura, ko ba ni da dabara ne? Maganar ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ɗauko tsohuwar takardata, na rubuta furogiram ɗin cikin rabin awa. Injin bugawa ya yi ta ƙara yana fitar da sunayen da za a share, shafi goma sha ɗaya, suna da unguwa kawai. Na buga DELETE. Na gwada neman mutum, na ga har yanzu da ɗan nauyi, sai na buga PACK tun kafin a kira azahar. Kundin ya koma yana gudu, majo ya yaba mini a gaban kowa. Daɗi ya kwashe ni, na juye sabon kundin a kan disket na Litinin da na Laraba da na Juma'a. Har gida na je na karɓi gwangwanin madara a wurin Inna na sabunta na huɗun, don Kawu ya dawo ya tarar da komai tsaf.

Ban tsaya nan ba. A watannin nan asibiti ya fara manna wa kowa sabon shafi a karnensa, wanda kwamfuta ta buga, da hatimi. Wanda na share layinsa in ya zo, sai a buga masa na takwaransa. A ƙasan shafin akwai wurin maganin da jiki ba ya karɓa, kuma ga mafi yawansu abin da ya fito shi ne "néant", wato babu.

Kawu ya dawo da dabino da zamzam da tari. Bai lura da wuri ba, don jikinsa bai bar shi ya zauna aiki sosai ba, ni kuma na ja bakina ina jiran ranar da zai yaba. Sai wata safiya aka yi wa wani mai gyaran keke allura. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ga babu matsala. Kafin ya kai ƙofa leɓɓansa sun kumbura, numfashinsa ya koma kamar ana busa ƙaramin bututu, ya zube a gaban masu jira. Majo ya yi ta fama da shi, Allah ya sa da sauran kwana. Da ya farfaɗo ya ce ai tun bara ya gaya wa tsohon nan, kuma tsohon ya ce an rubuta.

Kawu ya shiga ɗakin kwamfuta ya rufe ƙofa da ni a ciki. Ya nemi sunan mutumin, ya ga layi ɗaya tak. Ya buga RECALL, babu abin da ya dawo. Ya juyo ya dube ni.

"Kin yi PACK?"

"Na yi, Kawu."

"Disket na gida fa?"

"Na sabunta shi."

 Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Can Kawu ya ce: "Kin buga abin da kika share a takarda?" Na ce na buga. Ya ce in kawo. Ya karɓi shafi goma sha ɗayan nan da hannu biyu, ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Ya fita ya sami majo ya faɗa masa girman ɓarnar, bai rage komai ba. Ya ce daga yau kada a yarda da kwamfuta a kan maganar allura, a tambayi kowa da baki. Da majo ya tambaya yadda aka yi, sai na ji Kawu ya ce: "Furogiram ɗina ne ya yi." Majo ya faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mai furfura, a gaban ma'aikata, Kawu yana tsaye yana saurare.

Wannan ita ce rigimarmu ta biyu, kuma ni na tayar da ita a bayan asibiti wajen gurup. Na ce masa ƙarya ya yi, shi da ko wata biyu bai yi da sauka daga Makka ba, kuma yanzu zan je in faɗi gaskiya.

"Ni na ba ki makulli, ni na koya miki PACK," in ji shi. "In suka kore ki, wa zai zauna gaban ordinatar ina yawo?"

"Wane yawo?"

Ya ɗaga takardun. "Wanda ya dawo nan za mu tambaye shi. Wanda bai dawo ba fa? Yana can da karne mai hatiminmu yana nuna wa wani likita. Sai an bi su gida."

Na ce to ni zan bi su. Ya ce mace mai goyo ba za ta shiga gidajen da ba ta sani ba tana tambayar mazan mutane, shi kuwa tsoho ne, ko'ina za a ba shi tabarma. "Ke naki aikin shi ne ki zauna ki gyara kundin, ki kuma riƙa jin tsoro. Dama shi ne abin da kika rasa."

Haka ya fara. Kullum bayan la'asar ya hau tsohon mobilet ɗinsa, takardun a aljihun gaba, jan biro a maƙale. A garinmu gida ba shi da lamba, abin da ke hannunsa suna ne da unguwa, kuma sunan na mutum ɗari ne. Yakan fara da mai unguwa, ko limami, ko mai sayar da gawayi a bakin titi. In ya sami mutum sai ya zauna a gaisa, ya tambaya ko wata allura ta taɓa ba shi wahala, ya karɓi karne ya gyara da hannunsa, ya ja layi a kan sunan. An kore shi a wasu gidaje, an ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Da damina ya faɗi a taɓon Tukra ya gurɗe, bayan kwana goma ya koma. Inna ta ɗauka wa'azi ya fara.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne waɗanda ya tarar sun mutu. Dole ya zauna ya tambayi iyalinsu me ya kashe su, a hankali, kamar mai ta'aziyya. In suka ce mota ce ko tsufa, sai ya dawo ya ce mini ba mu ba ne. Akwai biyu da iyalansu suka ce zazzaɓi ne, an kai su wani wuri an yi musu allura, ba su tashi ba. Ranar da ya zo da labarin na farko bai ce mini komai ba sai da na matsa. Har yau ban sani ba ko ni ce, kuma babu wanda zai iya gaya mini.

Bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Amma ya daina ba'ar kakanmu, kuma a baƙin littafinsa ya ƙara shafi guda. Babu furogiram a shafin, tambaya ce kawai da ya ce a yi kafin a share komai: wa zai ji a jikinsa in na yi kuskure?

Shekarar da aka yi harbe-harbe a cikin gari, jama'a suka haye kogi zuwa Kusuri, wasu ba su dawo unguwanninsu ba. Aikin ya ƙara wuya, amma ya ci gaba, har ya rage suna ɗaya: Fatime Mahamat, Tukra. Ita ce muka fi tsoro a kanta. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta tuna da ita sarai, ta ce ita ce yarinyar da ta taɓa sumewa a kan benci bayan penisilin har aka fidda rai. Ba ta yi karatu ba, ba ta san sunan maganin ba, an dai ce mata kada ta damu, an rubuta. Kuma rajistar masu karɓar sabon shafi ta nuna ta zo ta karɓa. Kawu ya zaga Tukra har yaran unguwa suka san ƙarar mobilet ɗinsa. Takalmin da yake sawa ranar da ya rasu, can za shi.

Ranar sadakar bakwai wata mai sayar da kuɓewa ta zo, ba ta ma ji rasuwar ba. Ta ce tsohon ya bar mata sallahu tun bara, kuma ta samo masa: iyayen yarinyar sun tashi daga Tukra sun koma Guji, bayan wani injin niƙa. Da ta gane gidan makoki ta shigo, sai ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa ban jira an watse ba, na zari jakata na fita.

Na sami gidan, ɗaki biyu na bulo ba a gama ba. Wata tsohuwa Bahausa tana tankaɗe a tsakar gida. Muka gaisa, na ce daga asibitin Abena nake, ina neman ɗiyarta.

"Wacce daga ciki?"

"Iya, faɗa mini sunayensu."

Ta lissafa uku, babu wadda nake nema. Na ce ko akwai wata. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. "Akwai babbar."

'Yar fari ce, ba za ta kama sunanta ba. Sai ni na ce: "Fatsuma?" Ba ta ɗago ba, ta ce ita ce. Na tambaya ko wata allura ta taɓa sumar da ita, ta ce ƙwarai, har sun fara kuka. Ta ce tun harbe-harbe tana Kusuri da mijinta direba, yanzu ga tsohon ciki, lambar wayar mijin kuma ta daina shiga.

"Amma kada ki damu, ɗiyata," in ji ta. "Takardarku na wurinta. A leda take naɗe ta, duk likitan da ta je sai ta nuna masa."

 Na ce: "Iya, abin da ke cikin takardar nan ba daidai ba ne. Cewa ta yi babu maganin da ke cutar da ita. Ni ce na yi kuskuren da hannuna."

Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa. Ta ajiye rariyar, ta dube ni sosai, ba ta zage ni ba. Ta shiga ɗaki ta yafo mayafi ta ce mu je.

Muka haye gada da rana tsaka. A Kusuri ta kai ni gidan da ta sani, muka tarar da wasu mutane daban a ciki. Ta tambaye su matar direban nan, suka ce wane direba. A gida na biyu ta ce yarinya ce doguwa mai ciki, suka ce masu ciki ai da yawa. A gida na uku ta ce yayar su wance, aka girgiza kai. Muka tsaya a tsakiyar layi, zufa na zuba, mata suna leƙenmu ta kan katanga. Sai na ji tsohuwar nan, wadda ta fi shekara talatin ba ta furta sunan ba, ta ɗaga murya ta ce: "Fatsuma nake nema. Fatsuma 'yar Mamman. Don Allah wa ya ga Fatsuma?"

Wata mata ta ce ta san ta. Sun tashi wata biyu da suka wuce, mijin ya sami aiki can kudu, ba su faɗi garin ba.

Har yau da nake wannan rubutu ba mu same ta ba. Duk Juma'a ni da tsohuwar muna zuwa tashar manyan motoci mu bar saƙo wurin direbobi, kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗaga ta da sauri. Na je na faɗa wa majo gaskiya, na faɗa wa Inna. Inna ta yi kuka, ta ce da ta sani da ta riƙa sa masa ruwa a gora in zai fita.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya karɓi hajjinsa da kowane taku da ya yi zuwa ƙofar bayin Allah. Ya ɗauki laifina a gaban mutane, kuma ina tsoron kada ya tafi da shi. Ya Allah, kada ka tambaye shi a kan wannan. Ni ce na buga, ni za a tambaya.